Itatuwan da Kawu Ya Ƙi Dasawa a Layi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, kwana biyu bayan saukar ruwan farko, a ƙauyenmu da ke tsakanin Maradun da Talata Mafara. Bai yi jinya ba. Ya sha kununsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya jingina da bangon zaure, shi ke nan.

Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka koma, mutum ba ya hawa babur sai ya tambayi labarin gaba. Don haka na zaci zaman makokin na 'yan gida ne kawai. Ina! Kwana uku zauren nan bai huta ba. Manoma sun zo daga Morai, uku-uku a kan babur. An zo daga Bakura. Liman ya gaji da ɗaga hannu har muryarsa ta dishe.

A rana ta biyu wani dattijon Bafillace ya jingine sandarsa a ƙofar zaure, ya durƙusa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da wannan rashi, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa ya huta. Da ya iso kaina sai ya tsaya ya dube ni.

"Kai ne mai shirwa?"

Duk da makoki sai da aka yi murmushi. Na ce ni ne.

"To, ka riƙe itatuwan tsoho da kyau. Kada ka bari a taɓa ko guda."

Na sunkuyar da kai. Bai sani ba, ni ɗin nan da yake wa amana, sau biyu na ɗauki biro na rubuta a cire itatuwan nan. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don kada a manta da Kawu, kuma kada ni ma in manta da wautata.

Bari in fara da shirwar. Ina aiki da masu gyaran ƙasar da aka haƙi zinari aka bari. Ana cike ramuka, a dasa itatuwa, a jira ciyawa ta dawo. Aikina shi ne in tashi wani ɗan jirgi maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, ya zagaye filin ya ɗauko hotuna daga sama, in zuba su a kwamfuta in ga inda kore ya kama da inda ya ƙi. Sai da izinin hukuma muke tashinsa, da safe kawai, mu tattara kafin azahar. Ranar farko da ya tashi a bayan gari, kajin unguwa suka kwashe 'ya'yansu suka shige ƙarƙashin rumbu. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Tun daga ranar jirgin ya zama shirwa, ni kuma na zama mai shirwa.

Kawu gajere ne, siriri, ba ya sa takalmi sai ranar Juma'a da ranar da zai ci kasuwar Mafara. Kullum da sandarsa ta geza, ba don dogarawa ba, don ƙwanƙwasa ƙasa. In mutum zai gina ɗaki ko zai haƙa rijiya, sai ya kira shi. Ya zo ya yi ta kai da komo, ya doka sanda nan, ya karkata kai yana saurare, ya matsa can. In ka cika shi da tambaya, amsarsa guda ce: "Ka taka ka ji." Ko gardama ake a zaure kan gonar wani, shin jigawa ce ko fadama, sai ya ce wa mai yawan magana, "Ka je can? To tahi ka taka ka ji."

Aljihunsa kuwa abin faɗa ne tsakaninsa da matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Kullum cike yake da ƙwallon aduwa. Ba ma wanda mutum ya tsotse ba, a'a, wanda awaki suka ci suka tuƙo suka zubar. Da sassafe za ka gan shi tsugune a garken awaki yana tsinta. Ya ce wanda ya kwana a cikin akuya ya fi saurin tsirowa. Inna ta ce ta gaji da ɗinke aljihu, kuma ta gaji da miji mai warin bunsuru. Shi kuma sai ya ce, ai da ta aure shi ta san ba turare yake sayarwa ba.

Filin da nake magana a kai muna ce masa Fage. Ina ƙarami gonaki ne da burtali. Da aka ga zinari, mutane suka kwararo daga ko'ina, cikin 'yan shekaru wurin ya zama rami a gefen rami, a ƙarƙashi kuma hanyoyi sun haɗe da juna. Ɗan Kawu na fari, taubashina, wanda muka tashi muna tsokanar juna, shi ma ya shiga haƙa. Wata damina ƙasa ta rufta da shi. An yi kwana uku ana tono, ruwa yana cika ramin, gefe yana zubowa, har dattawa suka ce a dakata kada a ƙara wasu. A bakin ramin aka yi masa salla, ba gawa a gabanmu.

Kun san alkunyar ɗan fari a wurin mutanen da. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba yana raye, bai kuma kira ba bayan ya mutu. Ban ga hawayensa ba. Masu gaisuwa suna kuka, shi yana ba su haƙuri. Wallahi a lokacin har na ji haushinsa a raina, na ce wannan tsoho zuciyarsa dutse ce.

A zaman makokin Kawu ne wani magidanci daga Gidan Goga ya ba mu labarin da ban sani ba. Ya ce tare suke da taubashina a cikin ramin, shi aka jawo da rai, ƙafarsa a karye. Ba shi da kowa a garinmu, kuma yana jin kunyar haɗa ido da uban wanda ya rasu. Ya ce, "Tsohon nan shi yaz zo da jakinai ya ɗauke ni. Ɗakin ɗan nasa ya kai ni, bisa tabarmarsa ya kwantar da ni. Wata biyu shina ba ni hura da hannunsa. Ko sau guda bai tambaye ni yadda anka yi ni na hito shi bai hito ba." Yana faɗa yana share fuska da bakin rigarsa.

Bayan an bar haƙa a Fage, aka kawo katafila ta cike ramukan. A lokacin ban fara aikin ba, ina makaranta. An ce tun daga ranar farko har ta ƙarshe Kawu yana wurin. In za a rufe rami, sai ya tsaya a kan wani babban dutse da ke gabas, ya tako zuwa bakin ramin yana motsa baki, ya koma wajen kututturen tsohuwar tsamiya, ya sake takowa. Direban katafila har tsawa ya yi masa ya kauce. Mutanen gari suka ce, Allah sarki, rashin ɗa ya taɓa tsoho.

Da na dawo na kama aiki, aka raba Fage kashi-kashi, kowane magidanci da yankin da zai kula da shi. Aka ba kowa dashen darbejiya da bagaruwa, aka ba shi igiya mai ƙulli-ƙulli don ya jera su a layi, tazara daidai. Kawu ya zaɓi yankin gabas, wanda kowa ya guje wa saboda nan ramuka suka fi yawa. Ya karɓi dashensa ya jera su a kan iyaka, tsaf, kamar yadda aka ce. Amma cikin filin sai ya yi abin da ya ga dama. Ya bi yana binne ƙwallon aduwa, nan biyu kusa da juna, can guda ita kaɗai, can kuma fili fetal ba komai. Da rani yana ɗora jarkoki a jaki yana bin su da ruwa, yana kewaye kowace da ƙaya.

Aduwa kuwa ba ta sauri. Shekara ta uku, yankunan mutane sun yi layi-layi gwanin kyau a hoton shirwa. Kwamfuta tana bin layi tana ƙirgawa, ta shafa musu kore. In ta zo yankin Kawu sai ta rikice, ta shafa masa ja. Duk taron da za a yi, jan nan yana tsakiyar taswira kamar miki. Shugaban aikinmu, mutumin kirki ne amma akwai zolaya, ya riƙa cewa, "Mai shirwa, kawunka ne fa yake ɓata mana hoto." Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Na hau babur ban tsaya ko'ina ba sai zauren Kawu.

Ko gaisuwar kirki ban gama ba na buɗe kwamfuta. Na ce, "Kawu, dubi nan. Kowa kore, kai kaɗai ja. An ba ka igiya, me ya hana ka bin igiya?"

Ya leƙa, ya ce, "Ja ɗin ma ya yi kyau."

"Kawu, ba wasa nake ba. Kunya kake ba ni a wurin aiki."

"Kai ɗan nan, ƙasar can ba ta kwanta ba. Akwai baki ƙarƙashi."

"Injiniya ya duba, katafila ta danne ko'ina. An rubuta, an sa hannu."

"Shi injiniyan ya taka?"

Nan fa na fashe. Na ce zamanin ƙwanƙwasa ƙasa da sanda ya wuce. Na ce abin da shirwa take gani cikin minti goma, shi ko shekara zai yi yana yawo ba takalmi ba zai gani ba. Ni na faɗi wannan, da bakina, ga yayan uwata. Inna tana jin mu daga tsakar gida, na ji ta ajiye muciya. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ciro ƙwallon aduwa guda daga aljihu yana juya shi, ya ce, "Shirwarka tana da ido, ban musa ba. Ƙafa ce ba ta da." Na tashi na fita ban yi sallama ba.

A makon nan na rubuta shawara cewa a sa tarakta ta nome yankin gabas gaba ɗaya, a tumɓuke aduwoyin, a sake dashe a layi. Shugaba ya amince. Aka sa rana.

Abin da ya cece ni ba hankalina ba ne. Ƙa'idar rahoto ce ta ce sai an haɗa da hoton yadda wurin yake kafin gyara. Na shiga tsofaffin ajiya na tono hoton da waɗanda suka riga ni suka ɗauka kafin zuwan katafila. Ramuka baƙi-baƙi ko'ina. Na ɗauko nawa na bazarar nan, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus, ba abin da ya rage kore a yankin gabas sai aduwoyin Kawu, ɗigo-ɗigo. Na daidaita babban dutsen nan a kan babban dutse, kututturen tsamiya a kan kututture, na ɗora sabon hoto a kan tsoho.

Kowane ɗigon kore ya zauna daram a kan bakin rami. Na ce ko idona ne. Na matso da hoton, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Inda ramuka biyu suke manne, aduwa biyu manne. Inda ba a taɓa haƙa ba, nan ne filin da ya bari fetal. Ban sami rami guda da ya tsallake ba, ban kuma sami aduwa guda da ta zauna a banza ba. Mutumin da bai taɓa riƙe taswira ba, bai taɓa ganin Fage daga sama ba, ya ɗauke wurin nan duka a kansa da takun ƙafa, ya riƙe shi har aka shafe komai, sannan ya mayar da shi da ƙwallon da akuya ta tofar. Na daɗe zaune ina cewa Allahu akbar ni kaɗai a ofis.

Washegari muka je da shugaba da injiniya, muka gwada gindin aduwa uku na bakin hanya. Aka kafa rodi a gefen aduwa, mutum ɗaya ya danna, sai ga shi yana shigewa kamar a cikin tuwo. Ƙasar sama ce kawai ta daskare, ƙarƙashi ruwan damina ya cinye. Injiniya ya cire hularsa ya riƙe. Dukanmu taraktar da za ta hau wurin nan da mutum a kanta muke tunani. Nan take aka soke zuwanta. Ashe itace mai ƙaya Kawu ya zaɓa da gangan, wanda saniya za ta kauce masa, mai garma ya kewaye shi, kuma ba ya mutuwa da fari.

Na sayi goro a Mafara na tafi ba da haƙuri. Na durƙusa na fara jero magana, ya katse ni. "Tashi, tashi, kada ka ɓata wandon aiki. Nuna mani abin da shirwa tag gani." Na buɗe masa hotunan biyu, na ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka tsuntsu ka ganin mu." Ya kira Inna ta zo ta gani, yana nuna mata kamar ba shi ya yi aikin ba. Ban taɓa ganin mamaki a fuskar Kawu ba sai ranar.

Sai yatsansa ya tsaya a kan wani ɗigo can ciki, nesa da hanya. Shi wannan ya fita daban. Sauran kore ne shar mai duhu, shi kuwa fari-fari ne, ganyensa ba yawa. Na ce, "Wannan ba ta da lafiya, Kawu. In ruwa ya zauna za mu cire ta mu sa wata."

Ya ce, "Bar ta."

Inna ta juya ta koma cikin gida.

Na ce to. Amma kun san hali ba ya barin mai shi. Da na koma ofis, takardar da muke cikewa ta ce duk itacen da ya nuna alamar ciwo a hoto a sa shi cikin waɗanda za a sauya. Na ce a raina, tsoho ne da son abin da ya shuka, in an sa masa sabuwa mai kyau ai zai ji daɗi. Na rubuta ta. Tafiyar minti ashirin ce daga inda nake tsayawa in tashi shirwa zuwa gindinta, amma ban taɓa zuwa ba. Aka tsayar cewa ma'aikata za su shiga da gatari da sabon dashe a makon da ruwa ya sauka.

Ruwa ya sauka ranar Litinin. Ranar Laraba Kawu ya rasu.

Ana shirin yi masa wanka, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta lulluɓe, muryarta ba rawa. Ta ce in je in ɗebo ganyen magarya da za a sa a ruwan wanka. Na ce akwai magarya nan bayan masallaci, yanzu zan kawo.

Ta ce, "Ba wannan ba. Tahi Fage. Wadda kac ce ba ta da lahiya."

Ban gane ba, amma ba lokacin tambaya ba ne. Na hau babur, na ajiye shi a bakin hanya, na buɗe taswira a waya na shiga. Ƙasa ta jiƙe, laka ta riƙe takalmina, na cire su na riƙe a hannu. Na bi ta tsakanin aduwoyin, ina kauce wa kowace kamar yadda ya so, har na iso. Ba aduwa ba ce. Magarya ce, ta fi ni tsayi, ta fitar da sabon ganye, lafiyarta lau. Farin da shirwa take gani bayan ganyenta ne, haka Allah ya yi shi. An share gindinta tas. A gefe akwai wani faffaɗan dutse da ya yi santsi saboda zama. Na tsinki ganyen, ƙaya tana karce ni, na cika hulata na dawo.

Da shi aka yi wa Kawu wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga wurin Inna, na zauna a bakin ƙofa. Ban tambaye ta ba, ita ta fara.

"Nan ne ramin. Ka san ba a yi wa yaron nan wanka ba. Ko ganye guda ba a sa mai ba. Shi kuma kawunku ba ya iya maganarsa, ko da ni. Sau ɗaya tak ya hwaɗa mani, ranar da ya dasa ta. Ya ce, tunda hannunmu bai kai gare shi ba, in ruwan sama ya biyo ta ganyen ya sauka, ya isa."

Na tuna ranar da na ce zuciyarsa dutse ce. Na tuna takardar da ke kan teburina, da gatarin da aka wasa. Kukan da ban yi ba a maƙabarta, nan ya ƙwace mini, har Inna ce ta koma ba ni haƙuri.

Ban jira an share makoki ba. A ranar na kira shugaba na ce a dakatar da ma'aikata, da safe na je na soke layin nan da hannuna. A gefensa, inda aka bar wurin bayani, na rubuta cewa na je da ƙafata na duba.

Har yanzu ina tashin shirwa a kan Fage. Ciyawa tana dawowa, gamba ta fara kama gefen dutse, bana har gara ta yi gini a yankin gabas, abin da Kawu ya ce in an gani ƙasa ta farfaɗo. Idan hoto ya fito, kafin in duba komai sai na nemi ɗigon nan fari-fari. Ranar da na je na ƙarshe hadari ya taso ina can, ban gudu ba. Na zauna a kan dutsen Kawu, ina kallon ruwa yana bin ganyen magarya yana ɗiga, ƙasa tana shanyewa.

Ya Allah, ga uba ga ɗa, ruwan ganye ɗaya ya wanke su. Ka yafe musu, ka sanyaya makwancinsu, ka haɗa su inda uba zai iya kiran ɗansa da sunansa. Amin.